Ƙanwata da ba a raɗa wa suna ba

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da aka kai Baba aiki tashar jirgin ƙasa ta Dangora, cikin leburorin da ke gyaran layin dogo. Daga kudancin Zariya muka zo, kuma gidanmu kaɗai ne na Katolika a layin ɗakunan ma'aikata. Babu coci a garin. Fada, wato limamin cocinmu, yakan zo daga Kano sau ɗaya a wata uku, wani lokaci huɗu, ya yi mana salla a ɗakinmu ya koma. Sauran kwanaki Mama ce limaminmu. Tana da carbi mai baƙaƙen 'ya'ya da ɗan gicciye, da hoton Maryamu da hayaƙi ya dafe. Idan an buga guntun ƙarfen da ke rataye a tasha da ƙarfe goma sha biyu na rana, sai ta ajiye duk abin da take yi ta durƙusa.

Da damina Mama ta haifi 'ya mace, mako biyu bayan tafiyar Fada. Ranar bakwai ta wuce shiru. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan tasha, wadda muke kira Iya, ta shigo da tsaki.

"'Yata, wane irin abu ne wannan? Yarinya ta kwana bakwai babu suna?"

Mama ta ce, "Iya, sai Fada ya zo ya yi mata baftisma. Ranar za a raɗa mata."

"To kafin nan da me za a kira ta?"

"Baƙuwa ce dai."

Haka muka riƙa ce mata, Baƙuwa. Ni ce mai goyonta. Tana da wata ɗabi'a ta kama min gashin ƙeya ta riƙe gam har ta yi barci.

Fada bai zo a lokacin da muka sa rai ba. Aka ce ba shi da lafiya. Kaka ta shigo, aka cire gyaɗa, mata suka bazu gonaki kala. Ran nan Baƙuwa ta tashi da ɗan zazzaɓi, Mama ta shafa mata mai, ta ba ta nono ta yi barci. Ta ce da ni, "Ki zauna da ita, zan leƙa gonar bayan dogo, kafin rana ta take na dawo."

Da hantsi jikin yarinyar ya yi zafi kamar garwashi. Can sai ta sanƙare, idanunta suka kakkafe sama. Na san abin da ya kamata in yi. Fada ya koya mana da bakinsa, har ya sa mun maimaita: idan jariri na bakin mutuwa, kowa yana iya zuba masa ruwa a goshi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na ɗebo ruwa a randa cikin moɗa. Na durƙusa a kanta. Sai wani tunani ya zo min, cewa idan na zuba ruwan nan, na yarda ke nan za ta mutu, kamar ni ce na kira mutuwar. Na mayar da ruwan cikin randa. Na ruga na kira Iya, na bar ta da yarinyar, na nufi gona ina ƙwala wa Mama kira.

Da muka dawo, Iya na zaune a ƙofar ɗaki da ita a cinya, ta lulluɓe ta da zane har fuska.

Mama ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓe ta, ta buɗe fuskar, ta taɓa goshin da yatsa. Sai ta dubi Iya ta ce, "An zuba mata ruwa?"

Iya ba ta gane ba. Ta ce, "Na ɗiga mata a baki, ba ta haɗiye ba."

Ina tsaye a wurin. Na bar maganar moɗa a cikina.

Da la'asar Baba da abokan aikinsa suka binne ta a gefen wata tsamiya, nesa kaɗan da maƙabartar gari. Baba ya ɗaure kara biyu kamar gicciye ya kafa a kan kabarin, kafin mako akuya ta ture.

A wancan zamani an koya mana cewa jaririn da ya mutu babu baftisma ba ya shiga wuta, amma ba ya ganin fuskar Allah. Yana wani wuri ne can, babu azaba, babu kowa nasa. Wannan wurin ne ya zauna a gidanmu. Nonon Mama ya ci gaba da zuba yana jiƙa mata riga, ita kuwa ta ƙara addu'a. Da rana tsaka takan durƙusa gaban hoton, bayan ta gama jan carbi sai ta yi wa Maryamu magana kamar yadda mace ke yi wa yayarta.

"Uwar jinƙai, ke ma kin riƙe gawar ɗanki a cinya. Ki je ki duba min ita. Ba ta da sunan da zan gaya miki, amma kin san ta. Ki ɗauke ta ki kai wa Ɗanki, ba zai ƙi ki ba."

Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ji. Na daina iya cin abinci sosai. Idan na sunkuya ɗiban ruwa a randa sai in ji nauyi a bayana, in ji ana jan gashin ƙeyata. Sau biyu ina jin kukan jariri daga wajen tsamiya da rana ƙiri-ƙiri, in je in tarar ba kowa sai kurciyoyi.

Iya ta riƙa zuwa tana zama da Mama. Wata rana ta tarar da ita a durƙushe, ta jira har ta gama, ta ce, "Mu ma mun san Nana Maryama. Amma 'yata, yarinyar da ba ta san hannun damanta ba, me ta yi wa Allah da zai juya mata baya? A wurinmu 'yar aljanna ce."

Mama ta ce, "Allah ya sa, Iya." Amma ba ta rage ko ƙwaya ɗaya a jan carbinta ba.

Fada ya zo bayan Kirsimeti, ya rame ƙwarai. Mama ta tambaye shi a gabanmu inda 'yarta take. Ya ce da Hausarsa ta hanci, abin da aka koya masa ke nan ya koya mana, amma shi bai auna faɗin jinƙan Allah ba, ta ci gaba da roƙo. Da lokacin faɗin zunubi ya yi, na gaya masa maganar moɗa. Ya tambayi shekaruna. Ya ce tsoro ne, ba zunubi ba. Na fito yadda na shiga.

Shekara biyu bayan haka aka mayar da Baba wata tasha. Da safen ranar tafiya ni da Mama muka je gindin tsamiya. Ƙasar kabarin ta baje, sai da muka yi ta lalube kafin muka yarda nan ne. A nan na faɗa mata. Na ce na ɗebo ruwan, na san kalmomin, na mayar.

 Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Shekara biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Na ce e.

Ta ce, "Ni na ji zafin jikinta da hannuna, na ɗauki ƙwarya na tafi kalar gyaɗa. Gyaɗar ko mudu ba ta cika ba." Ta share fuska da bakin zane. "Durƙusa. Ni zan fara, ke ki amsa."

Muka ja carbin tun daga gicciye har muka zagayo.  Ba mu tashi ba sai da muka ji jirgi ya yi kuka daga nesa, Baba na ɗaga mana hannu daga tasha.

Iya ta rako mu har bakin tarago, ta damƙa wa Mama ƙunshin daddawa, ta ce za ta riƙa leƙa wurin idan ta je itace. Ba mu sake komawa Dangora ba, kuma ban san shekara nawa Iya ta ƙara a duniya ba.