Irin da Ya Ƙetare Kwara

Jiya da hantsi ina zaune a rumfa ina murza busassun furannin albasa, ƙananan ƙwayoyin nan baƙaƙe suna zuba cikin faifai, sai ƙamshinsu ya bugi hancina. Ba irin ƙamshin albasar miya ba ne, ya fi kama da na ciyawar da ta daɗe kusa da hayaƙi. Jikata tana gefe tana haddar amsoshin jarrabawa da ƙarfi. Na ji ta ce, wane kogi ne ya ratsa Masar? Na ce mata Nilu, tun kafin ta duba littafin. Ta ɗago ta dube ni, don ta san karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na haifi uku kafin na iya rubuta sunana. Ta ce, "Kaka, ke a ina kika sani?" Na ce ta ajiye littafin tukuna. Ku ma in ba ku da sauri, ku matso.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, can ƙasa da Yelwa. Ruwa biyu muka sani a shekara. Farin ruwa yana zuwa a ƙarshen damina, launinsa kamar kunun gero, da itatuwa da kumfa a kansa. Baƙin ruwa kuma lokacin sanyi yake isowa, garau, shiru, daga wata ƙasa da ba wanda ya taɓa zuwa. Kowanne ya zo sai ya hau, ya hau, sannan ya koma. Akwai wani dutse a bakin mashaya inda mata ke wanki, tun kakannin kakanni ruwa bai taɓa rufe kansa ba. Shi ya sa in ruwa ya shigo gona ba wanda ke tada hankali. Sai manya su ce, ruwa baƙo ne, komai daɗewarsa gida zai koma.

Albasa ce arzikinmu. In ruwa ya janye, Baba da ƙannensa su gyara fangali, su yi dashe, su yini suna watsa ruwa da ƙwarya har bayansu ya yi fari da gishirin gumi. Albasar gungunmu ja ce, mai tauri, tana kaiwa wata damina ba ta ruɓe ba, fatake a kasuwar Yelwa suna gane ta da ido. Irinta kuwa gado ne. Kowane gida yana da gorarsa ta iri, a rataye cikin rumbu, a wuri mafi tudu. Kuma akwai doka: albasa tana shiga jirgi a kai ta kasuwa, amma iri ba ya ƙetare ruwa. An ce in ya ƙetare, kogi zai zare masa ƙarfi, ko ya tsiro ba zai yi kai ba. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Ni ma ina da wadda nake kira Kaka, gwaggon Baba ce, ƙanwar mahaifinsa. Tun Turawa na mulki ta bi mijinta aikin hajji a ƙasa. Mijin ya rasu a hanya, a ƙasar Sudan. Ita kuwa ba ta juyo ba. Ta tsinci auduga, ta soya ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa, shekara da shekaru, har ta tara abin ƙetare teku. Ina da kamar shekara shida ta dawo mana, baƙa wuluk, siririya, da akwatin ƙarfe. Abu biyu ne a ciki da ba a taɓawa: farin likkafaninta, da wani gwangwanin ruwan zamzam da aka toshe bakinsa da kakin zuma. Ta ce ranar da ta mutu a yayyafa wa likkafanin, ba ta roƙi kowa komai ba bayan wannan.

Matan gari suka sa mata Rediyo, don ba ta rasa labari. Ni kam nan na samu makaranta. A gindin tsamiya muke zama da rana muna ware albasa, manya gefe, ƙanana gefe, ita tana zane a ƙasa da tsinke. Nan Masar, nan Habasha, nan teku. Ta ce ta hango ta tagar jirgin ƙasa wasu kaburburan sarakunan da, an gina su da dutse masu tsini, yau awaki ke kiwo a gindinsu. Ta ce Turkawa sun riƙe Makka shekaru aru-aru, da ta je ba ta tarar da su ba sai ganuwarsu. Ta ba mu labarin mutanen Jawa, gajeru masu yawan murmushi, waɗanda wasu Turawa suka mallake ƙasarsu saboda kanumfari da masoro. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce yanzu kayan yaji ne za a yi wa yaƙi? Kaka ta ce, "Ke dai ki gode Allah ba su ɗanɗana daddawarki ba."

Da mazan gari suka zo yi mata albishir cewa bayan tafiyarta an samu ƴancin kai, ta ce ta riga su gani, a gabanta aka sauke tutar Turawa a Sudan. Ta ce wata mata ƴar ƙasar Hindu da suka zauna tanti ɗaya a Mina ta nuna mata da hannu yadda aka yanka ƙasarsu biyu ranar da aka ba su nasu, maƙwabci ya wayi gari baƙo. A lokacin ƙasar nan ta soma rikicin da ya kai ga yaƙin basasa. Baba ne ya kawar da zancen, ya ce, "Gwaggo, ke dai duniya a tafin hannunki take."

Wata shekara da rani sai ga mutane da dogayen sanduna da na'ura mai ƙafa uku. Suka ƙetare zuwa tudun da ke gabas, can nesa da ruwa, suka kakkafa turaku masu farin fenti. Aka ce gwamnati tana datse Kwara a Kainji don a samu wutar lantarki, kuma ruwa zai kai wurin turakun nan. Mutane suka yi ta dariya. Wani tsoho ya ce sai dai in ruwan tsani zai taka. Da aka gama gina mana sabon gari, aka sa ranar tashi, manya suka yi shawara a tsakaninsu: za a tashi don kada a ja da hukuma, amma in farin ruwa ya koma, a dawo a yi shuka kamar kullum. Saboda haka iri zai zauna a rumbu ya jira mu.

Ranar da Baba ya faɗi haka a gida, muna cin tuwon rana. Kaka ta janye hannunta daga kwano.

Ta ce, "Ɗan nan, wanga ruwa ba baƙo ba ne. Mai gida ne za shi zo."

Sai ta ba mu labarin da ba ta taɓa bayarwa ba. Ta ce gab da dawowarta, tana soya ƙosai a tasha, jiragen ƙasa suka riƙa wucewa cike da mutanen Nuba. Masar ta datse Nilu, ruwa zai ci garuruwansu, ana kai su wata ƙasa mai nisa inda ba kogi irin nasu. Ta ce ta ga tsoho rungume da ƙyauren ɗakinsa. Ta ga mata da ƴaƴan dabino naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, suna shayar da su ruwa kafin su sha da kansu.

Baba ya ce, "Wancan Nilu ne, Gwaggo. Kwara ba a ɗaure ta."

"Su ma haka suka ce."

"To mi kike so in yi? In ƙetare da iri, in kashe abin da ubana ya bar mini, gari ya zage ni?"

Ta ce Annabi Nuhu bai bar iri a rumbu ba. Ta ce ko Bani Isra'ila da Allah ya tsaga musu teku, ya ciyar da su daga sama, da tafiya ta yi nisa albasa suka riƙa tambaya, malamai sun karanta mata a Alƙur'ani, wata Bahabashiya Kirista kuma ta ce haka yake a littafinsu. "Mutum in ya bar gida, ɗan nan, abin miyarsa shika fara nema."

Baba ya wanke hannu ya tashi. Mutum ne mai ladabi, ba zai mayar mata da magana ba, amma kuma ba zai ji ba.

Washegari da hantsi, maza sun tafi ɗaure jirage, Kaka ta kira ni bayan ɗaki. Ta kan ce mini ƙawata. Na tarar ta shimfiɗa likkafaninta a kan tabarma, ta fasa kakin gwangwanin. Ta zuba mini kurɓi ɗaya a hannu na sha, ta sha ɗaya, sauran ta yayyafa wa farin ƙyallen a hankali har ya ƙare. Na fashe da kuka, don na ɗauka mutuwa za ta yi. Ta ce, "Rufe mini baki, ƙawata, ban shirya ba tukuna." Kwana uku gwangwanin yana kife a rana. A na huɗu ta ce in hau rumbu, tunda ni kaɗai bakinsa ke ɗauka ba tare da an ɗaga murfin duka ba. Har yau ina jin duhun nan da zafin da ƙamshin. Na daɗe kafin in taɓa gorar irin, don ban taɓa saɓa wa Baba ba, kuma na yarda da dokar nan kamar yadda na yarda wuta tana ƙuna. Na juye rabin gorar a gefen zanena na sauko. Ta cika gwangwanin taf, ta danna auduga don kada ya yi motsi, ta mayar da kaki, ta naɗe shi da ƙyalle.

Ranar tashi, da aka zo shiga jirgi, ta miƙa wa Baba. Ta ce hannunta ba ƙarfi, kada zamzam ɗinta ya faɗa ruwa. Baba ya goge hannuwansa a riga, ya karɓa da bisimilla, ya ɗora a cinyarsa. Ƙanensa ne ya yi tuƙi. Ni ina bayansu, ban ɗaga kai ba har muka taɓa gaɓa.

Sababbin gidajen na siminti ne, a jere kamar haƙora, da rana zafi, ba inuwar tsamiya. Muka yi damina a ciki muna jiran ruwa ya gama ziyararsa. Farin ruwa ya zo. Ya hau, ya hau, bai tsaya ba. Kullum da safe sai a ga ya ci wata gona, har ya zo ya kwanta a gindin turakun nan masu farin fenti, daidai, kamar an kira shi da suna. Aka ce a jira. Aka jira har lokacin shuka ya soma wucewa.

Sai Baba ya ɗauki jirgi shi kaɗai ya tafi ɗauko labari. Bayan azahar ya dawo. Ya zauna a ƙofar ɗaki, Inna ta ajiye masa fura bai taɓa ba. Da ƙyar ya ce, "A reshen tsamiya na ɗaure jirgi. Reshen can sama." Ba dutsen wanki, ba rumbu, ba kabarin mahaifinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an kwashe abin da ke bayanta.

Kaka ta ce, "Ƙawata, ɗauko mini gwangwanina."

Baba ya ɗauka zamzam za ta ba shi don zuciyarsa ta yi sanyi. Ya gyara zama, ya haɗa tafukansa biyu. Ta ɓare kakin, ta zare audugar, ta karkata. Baƙin iri ya zubo masa har ya cika hannun.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali, "Gwaggo, ya ƙetare ruwa."

"Awo. Kai ka ƙetare da shi, bisa cinyarka, kana salati."

"To zamzam ɗin hwa?"

"Likkafani ya sha rabonsa tun tuni. Tashi, rana na tahiya."

A bakin sabon ruwan ya yi fangali ɗaya, can gefe inda ba a gani, don har lokacin yana tsoron dokar. Ni ma ina tsoro. Kullum da sassafe nake zuwa in tsuguna, ba komai sai ƙasa. A kwana na tara na ga wasu koren zare sun ɓullo a lanƙwashe, kansu a ƙasa, kamar masu ruku'u. Na ruga gida ko takalmi babu. Baba ya zo ya tsaya a kansu, sai ya juya ya tafi kiran mazan gari. Da dashe ya isa, ya raba wa kowane gida ɗan dami. Ba zan ce muku ta yi kai kamar ta gungu a shekarar farko ba, ƙasar ba ɗaya ba ce. Amma ta yi, kuma ja ce, kuma ba ta ruɓe ba. Daga ranar ban ƙara jin an ce Rediyo ba. Hajiya ake cewa, har ta koma ga Allah bayan damina uku, aka sa ta cikin ƙyallen nan da ya riga ya sha ruwansa.

Yanzu yaran garin nan sun ɗauka tafkin tun fil'azal yake. Injin ban ruwa ya kori ƙwarya, iri ma a leda ake sayowa, da hoton albasa a jiki. Jikata ta buɗe littafinta ta nuna mini inda aka yi maganar madatsar Kainji. Layi ɗaya ne, tsakanin ƴancin kai da wani abu da ban riƙe ba. Ta ce ba a ambaci gungu ba. Na ce na Nuba ma ina jin layi ɗaya aka ba su.

Sai ta ce in nuna mata gwangwanin. Na aike ta ƙarƙashin gado. Ya yi tsatsa, bakinsa ya lotsa, amma ba ya yoyo. Na ce ta riƙe shi da kyau da hannu biyu, na ɗaga faifai, na soma zuba irin bana.