Jaririn da Bai Yi Kuka ba a Gwashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Anka, ni da matata mai cikin fari wata shida, za mu Gwashi barkar ƙanwata da ta haihu a ɗakin Inna. Tsohuwar akori-kura muka samu. Kafin Bukkuyum sau biyu muna sauka turi cikin laka, direba na zaune abinsa yana ba mu umarni.

Mun isa da azahar, gida tsit. Kwana biyu da haihuwa yaron bai kama nono ba, jikinsa sai ya sanƙare ya saki. Inna ta ce da ya faɗo bai yi kuka ba, leɓɓansa sun yi shuɗi, ungozoma ta yi ta buga tasa a kunnensa tana yayyafa masa ruwan sanyi har ya motsa. Naƙudar kuwa yini biyu ƙanwata tana ɓoye ta, tana daka tana shara, don kunyar ɗan fari. Raina ya ɓaci, na rasa wa zan yi wa faɗa.

Washegari muka kama hanyar asibitin Gummi. Gulbi ya cika, sai da kwalekwale. Matata ce ke riƙe da yaron, uwarsa ta kau da kai kamar ba nata ba. Ni kuwa bini-bini sai na ɗaga zane in ga ko ƙirjinsa na motsi.

Nas ɗin da ta duba shi, wata dattijuwa mai faɗa, ba ta ɓoye mana komai ba. Doguwar naƙuda ce ta galabaitar da shi, ya fito ba numfashi, ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure rashin iska ko na 'yan mintuna. Abin da ya lalace a cikinta ba ya dawowa. Lokacin da aka ɓata wajen buga tasa, iska ya kamata a hura masa. Zai rayu, in ji ta, amma zama da tafiya da magana sai abin da Allah ya yi.

Nan ƙanwata ta miƙa hannu, a gaban Inna da kowa. "Ku ba ni ɗana."

Bayan mako guda aka sallame mu. A mota, da muka hango Gwashi, Inna ta dubi ƙanwata. "Ni nik koya mata shirun ga," ta ce, "har yabon ta niy yi."

Mun dawo Anka da la'asar. Tun kafin mu sauke kaya na roƙi matata abu ɗaya: ranar da ciwo ya taso, ta yi ihu har maƙwabta su ji.