Ranar da Na Ƙaryata Iya Dije a Kan Tsibirin Tsuntsaye

A gidanmu ba don tatsuniya ake hura wuta ba, wutar banda ce. Mahaifinmu masunci ne a madatsar Tiga. Kifin da bai samu mai saye a bakin ruwa ba, kakarmu ta wajen uba, Iya Dije, ita ke jera shi a kan waya bisa wani rabin duro a bayan ɗakinta. Banda sai da zama, in an tashi sai ta ƙone. Don haka da an yi magariba an ci tuwo, Iya na kan 'yar kujerarta da tsinken juyi a hannu, mu da yaran maƙwabta mun kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa.

Tana da nata salon farawa. Sai ta ƙwanƙwasa duron ta ce, "Baƙuwa na sallama." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Ni take fara kallo, don ni ne babban jikanta namiji. "Maigidana" take ce mini, kullum tana ƙorafin wai ban taɓa ɗinka mata zane ba.

Ina da shekara goma sha uku aka kai ni makarantar kwana. Hutu na biyu na zo da wani abokina, Nasiru, ɗan birnin Kano, wanda gidansu har da talabijin. Tun a mota nake zullumi. Da muka sauka na fara ganin gidanmu da idonsa: katangar zana, koma a shanye, ƙarnin kifi ko'ina. Da Iya ta rungume ni, zanenta na ƙaurin hayaƙi, sai na zame jikina da sauri.

Ran nan da yamma ta ce tana da sabuwa da ta ajiye wa maigida da baƙonsa. Labarin wani masunci ne, Tanko, da iska ta kwashi kwalekwalensa ta yi ta tafiya da shi har ruwa ya daina ƙarewa. Guzurinsa ya ƙare, ya kwanta yana jiran ajali, sai ya ji ya daki ƙasa. Tsibiri ne babu bishiya ko ɗaya, babu mutum, sai tsuntsaye birjik. Da suka gan shi ba su tashi ba. Suka tako suka kewaye shi, suna leƙen fuskarsa.

"Ba su san jifa ba," in ji Iya, tana juya tarwaɗa. "Tun da aka halicce su ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya ɗauki dutse a gabansu. Da sanyi ya kama Tanko, sai suka matso suka jingina da shi har ya yi ɗumi."

Na saci kallon Nasiru, na ga yana murmushi. Wataƙila daɗin labarin yake ji, ban tsaya tantancewa ba. Sai kawai na ji muryata ta fito.

"Iya, wannan ƙarya ce. Babu tsuntsun da ba ya gudun mutum. Ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Ƙafin Maiyaki ba, ina kika san tsibiri?"

Ƙananan yara suka kwashe da dariya, don ba su san nauyin maganar ba. Yayata Asabe ta dafe baki. Iya ta daɗe tana kallon garwashi.

"Gaskiyarka, ban wuce ba," ta ce. "Amma da aka yi madatsar nan, ruwa ya zo tsohon garinmu, mu ne ƙarshen tashi, don kakanka ya ce sai ya kwashe dawarsa. Ruwa ya zagaye tudun da rumbunanmu suke. Zomaye da fakara suka hauro wurinmu. Fakara ta kwana a gefen tabarmata, Sabi'u. Ba ta gudu ba."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ta ce kifi ya yi, kowa ya tafi gida. Washegari ta gaishe ni kamar kullum, ta ba Nasiru ƙunshin banda ya kai wa mahaifiyarsa. Ban ba ta haƙuri ba. Na ɗauka abin ya wuce. Ina jami'a Allah ya yi mata rasuwa.

Na zama likita, aiki ya fitar da ni ƙasar waje. Shekarun baya kaɗan na karɓi aikin wucin gadi a wani jirgin ruwa mai kai attajirai yawon buɗe ido can ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙanƙara ke yawo a teku kamar duwatsun Doguwa. Jirgin otal ne a kan ruwa. Ɗakuna da ɗumi, abinci kala-kala, tsofaffin Turawa na shan shayi ta bayan gilashi suna kallon kifayen da suka fi tirela girma. Aikina maganin jiri da targaɗe, kuma duk lokacin da za a sauka tsibiri a ƙananan kwalekwalen roba, dole in bi su da jakata.

Saukar farko, jagoran tafiyar ya gargaɗe mu kada mu matsa kusa da tsuntsayen, kada mu taɓa su. Wata tsohuwa ta tambaya, "In su suka zo fa?" Ya ce, "To ki tsaya cik. Ba su san tsoron mutum ba."

Tsibirin babu bishiya ko ɗaya. Tsuntsayen da ake kira fengwin sun cika bakin gaɓa, suna tafiya a tsaye, baƙin baya da farin ƙirji. Na zauna kan wani dutse ina gyara takalmi, sai wani ɗan tsako mai toka-tokan gashi ya tako ya leƙa fuskata. Ya ja igiyar jakata da baki. Daga nan ya juya ya jingina da ƙafata, ya lumshe ido. Ina jin ɗuminsa ta cikin wando uku.

Fasinjoji suka yi ta ɗaukar mu hoto. Tsohuwar nan ta ce, "Likita, kuka kake yi?" Na ce iska ce.

Da muka koma jirgi na kira Yaya Asabe, wadda ke aure a Tudun Wada. Bayan gaisuwa na ce ko ta tuna Tanko, yaya labarinsa ya ƙare?

Ta ce da iska ta juyo zai koma gida, sai ya ji tsoron ba za a yarda da shi ba. Ya ɗauke ɗan tsako guda ya ɓoye a riga don ya nuna wa mutane. Kafin ya isa, tsakon ya mutu. Mutanen gari suka ga mushen tsuntsu kawai, suka yi masa dariya. Ya shekara yana neman tsibirin, bai sake ganinsa ba.

"Yaushe ta ƙarasa muku?" na tambaya.

"Ranar da ka koma makaranta." Sai ta ƙara da cewa, "Wai kai ba ka lura ba? Daga ranar nan, in dai kana gida, Iya ba ta sake yin tatsuniya ba."

Wallahi ban lura ba. Na zo hutu ya fi sau goma bayan haka, ban taɓa tambayar me ya sa bakin duron ya yi tsit ba.

Da farko na ɗauka abin da ke cina shi ne na ƙaryata ta alhali tsuntsayen suna nan. Daga baya na gane ko da babu irinsu a duniya, laifina bai ragu ba. Ba tsuntsu nake musu a kai ba ranar. So nake Nasiru ya ga cewa ni ba irin wannan tsohuwa mai ƙaurin hayaƙi ba ne, kuma ta gane hakan tun kafin ni in gane. Matar da ruwa ya cinye mata gari da kaburburan iyayenta, abin da ya rage mata na can shi ne ta ba da labarinsa, ni kuma na rufe mata baki a gidan ɗanta.

Kafin mu ajiye waya na tambayi Yaya ko yaran ba sa roƙonta a lokacin.

"Suna roƙo mana," ta ce. "Sai ta ce musu, ku yi haƙuri maigida ya koma tukuna, yana da karatu, kada mu cika masa kunne."