Randar da Ta Daina Gumi

Wutar da muke zama gefenta ba ta girki ba ce. Wutar gashin tukwane ce, a bayan gidan Kaka Tasalla, uwar mahaifiyata, a Mirriya. Ni a Damagaram nake, cikin Birni, amma duk hutun lakwal, wato makarantar boko, can ake kai ni. Kaka maginiya ce. Ranar jajibirin kasuwa, da an yi magariba, sai ta jera randuna da tuluna a rami, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna wuta. Daga nan babu abin yi sai jira, a cikin jiran nan take ba mu tatsuniya.

Muna zaune, ni da taubashiyata Hajara, 'yar kawuna, sai mu ji "tas!" daga cikin wutar. Kaka ko kai ba ta ɗagawa.

"Tukunyar Hajara ce. Na ce ta ƙara ƙaiƙayi a yumɓun, ta ƙi."

'Yan tukwanen da nake ginawa ba su cika fashewa ba. Kaka takan kama hannuna ta jujjuya shi a hasken wuta, ta ce, "Maigidana, yumɓu ya san wannan hannun. Allah ya sa kada a sace mini shi." Hajara ta murguɗa baki ta ce ai ɗan birni ne, gobe ma zai gudu.

Akwai tatsuniyar da na fi tunawa. Kaka ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya." Muka ce, "Ta shigo mu ji."

Wai wata randa ce a gindin bishiya, a tsakar wani gida. Ba ta da ado ko kaɗan, kullum jikinta a jiƙe da gumi, amma ruwanta ya fi na kowace randa sanyi a garin. Manomi ya dawo daga gona, wurinta zai fara zuwa. Wata rana aka kawo kwanonin amarya masu fure-fure, aka jera su a ɗaki. Randa ta leƙa ta ga mata na ta yaba su, babu mai cewa komai a kanta. Masu shan ruwanta ma, da sun aje moɗa sai su juya baya. Sai ta roƙi wani mai fenti da ke wucewa ya shafe ta. Ya ce, "Kin tabbata?" Ta ce ta tabbata. Ya shafe ta ciki da waje, ja da shuɗi da ruwan ƙwai.

Nan da nan wani baƙo ya saye ta. Ta shiga gari ta fita gari, kowane gida a ƙara mata launin da masu gidan ke so. Ana ta yabonta, amma ba wanda ya ƙara zuba mata ruwa. Da ta tsufa ta ce a mai da ta gida. Aka mai da ta gindin bishiyar, aka cika ta. Da rana ta take, manomi ya kurɓa ya tofar. Ruwan ɗumi ne, kamar na wanka.

"Ka san dalili, maigidana? Randa da guminta take sanyaya ruwa. Fenti ya toshe ƙofofin jikinta."

Na ce, "To, Kaka, a kankare mana!"

"An kankare. An sa toka, an sa dutse. Na waje ya fita, wanda ya shige ciki bai fita ba."

"Sai me ya faru?"

"Sai aka kai ta ƙuryar ɗaki ana zuba tsummoki a ciki. Kowa ya shigo ya ce, kai, randar nan da kyau take! Nan ta tsaya, kowa ya ɗauki rabonsa."

Na yi fushi a ranar. Tatsuniyoyinta sukan ƙare da dariya, wannan kuwa ba a hukunta kowa ba, ba a ceci kowa ba.

Bayan wannan hutun, babana, wanda ke ɗan aiki a biro, wato ofis, ya ga yumɓu a ƙarƙashin farcena. Ya ce shi bai sa ni lakwal don in zama mai wasa da taɓo ba. Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni ma na fara jin kunya idan abokai suka tambayi sana'ar kakata, har nakan ce 'yar kasuwa ce. Na daina zuwa Mirriya. Lokacin da ta rasu ina Yamai, ban samu jana'iza ba.

Na zama tafinta. Faransanci, Larabci, Barbarci, Zabarmanci, har ɗan Buzanci, duk na ci abinci da su. Na zauna a Abijan, na zauna a Tarabulus da Jidda, na yi shekaru a Faransa. Ko'ina a yabi harshena, ko'ina a lanƙwasa sunana yadda bakinsu ya iya, ni kuma in amsa. Aikina shi ne in faɗi maganar wani ga wani. Na yi haka har na yi furfura, ban tuna ranar da wani ya tambaye ni nawa ra'ayin ba, kuma da an tambaya ban san me zan ce ba. A Masar na ga randunansu a bakin hanya, babu ado, suna ta gumi kamar na Kaka. A Faransa na ga tukwane masu ƙyalli a bayan gilashi, an hana taɓawa. Na daɗe tsaye a gabansu.

Da na aje aiki na dawo Damagaram, na shiga motar Mirriya. Hajara na nan, ta tsufa, ido ya fara gajiya, ita kaɗai ta rage mai gini a zuriyarmu. Jikokinta sun fi son jarka da firigo mai sanyaya ruwa da lantarki.

"A'a, Anasaran Birni! Yau hanya ta ɓace maka?"

Na ce yumɓu na zo taɓawa. Ta yi dariya har da tari, ta tura mini curi. Sati biyu ina zuwa. Kaina ya tuna komai, har yawan ƙaiƙayin, amma yatsuna sun ƙi. Gefe ɗaya ya yi kauri, ɗaya ya yi siriri. Da ƙyar na haɗa ƙaramin tulu guda.

Ranar gashi muka zauna mu biyu a gefen wutar, babu yaro ko ɗaya, babu mai ba da tatsuniya. Can sai "tas!" Na jira ta tsokane ni kamar da. Sai ta ce a hankali, tana kallon wutar, "Sannu, ɗan'uwa." Da ta yi mini dariya, da ya fi mini sauƙi.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga masu son ado. Yanzu na ga Kaka ta san akwai abin da idan mutum ya bari aka rufe a jikinsa, dawowa gida ba ya buɗe shi. Ina jin matasa na cewa kowane lokaci mutum na iya komawa ya zama kansa. Ba na musu da su. Wataƙila fentinsu bai bushe ba tukuna.

Hajara ta ba ni randa ɗaya cikin nata, tana gindin darbejiyar gidana. Kowace rana bayan azahar nakan je in sha, in dafa gefenta, tafin hannuna ya jiƙe da gumin da ba nawa ba.