Bindigar da ke Aljihun Yallaɓai

Ko da zan manta ranar da na kare kundin digirina na biyu, ba na jin zan taɓa manta wata Laraba da aka kira ni makarantar 'yata a Pantai Dalam, wata unguwa a Kuala Lumpur. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin, can kuma sai gabana ya faɗi.

Maigidana ɗan sanda ne. Kafin mu tafi Malesiya karatu, ni da shi, babu abin da ke haɗa mu faɗa kamar ƙaramar bindigarsa ta aiki. In ya cire kaki ya sa kaftani ba ya ɗaura mata ɗamara, wai tana ɓata wa riga zama, sai ya jefa ta a aljihun gefe. Haka zai zauna a falo 'yarmu tana hawa jikinsa tana sauka. Na yi magana har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: a kulle take, kuma yaro ba shi da ƙarfin jan kunama, shi da ya shekara goma sha biyu yana riƙe da ita ba ni zan koya masa ba. Ranar da ya miƙa ta a ofis saboda tafiya, ni kaɗai na san irin daɗin da na ji.

A Kuala Lumpur babu bindiga, amma hannun bai daina laluben aljihu ba. Da korona ta zo, sai ya sayo na'urar auna zafin jiki a wani kedai, wato shago, da ke ƙasan benenmu, irin farar nan mai mariƙi da ake ɗora wa mutum a goshi. Nan take ya raɗa mata suna "bindigata", ya ba ta aljihun da waccan ta bari. Kowace safiya sai ya jera mu a bakin ƙofa, ya ce hannu sama, ya ɗora mana a goshi ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar, lokacin tana shekara huɗu, ta fi kowa son wannan wasa, musamman da yake a aljihun nan yake ajiye mata alawa. Ni kuwa abin ba ya ba ni dariya sosai, don saura wata huɗu mu koma gida, kuma ya riga ya gaya min ta gaske za ta koma mazauninta. Ga shi yanzu yaran sun zama biyu.

Ranar Larabar ina tsakiyar rubutu malamar ajinsu ta kira ni. Cikgu muke ce mata, kamar yadda ake kiran kowane malami a can. Ta ce in zo yanzu, kuma in zo ni kaɗai. Na goya jaririna a baya na sauka, ina tunanin ko yarinyar ta ciji wani ne, don ta taɓa yi.

A ofis na tarar da Cikgu da shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau, fuskokinsu babu walwala. Suka tura min wani zane a kan tebur: mutum dogo cikin riga, riƙe da wani abu, ga mutane uku sun ɗaga hannuwa. Wai darasin sana'ar iyaye aka yi, 'yata ta tashi ta sanar da aji cewa babanta yana da pistol a aljihu, kuma kullum da safe yana harbinsu. Shugabar ta ce dole ne ta sanar da 'yan sanda, amma saboda ta san ni ta ga ya dace ta fara ji daga bakina, ko muna cikin wani hali a gida.

Wanda ya zauna a Malesiya ya san ba a wasa da maganar bindiga. Ko ta roba mai kama da ta gaske tana iya jefa mutum cikin bala'i, balle baƙo mai bizar karatu. Kuma Allah ya sani, na'urar nan ko kaɗan ba ta faɗo min a rai ba. Da Hausa muke wasan a gida, su kuma da Turanci suka kawo min ƙarar, sai kaina ya ƙi haɗa biyun. Abin da ya zo min shi ne, mutumin nan ya ɓoye abarsa a akwati ya shigo da ita. A cikin minti ɗaya na kama shi, na yanke masa hukunci, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa.

Na kira shi na ce ya bar duk abin da yake yi. Ya iso daga laburare yana gumi, cikin kaftaninsa kamar kullum. Cikgu ta sa aka kawo yarinyar, ta sake tambayarta a gabanmu. Ita kuwa da ma ko da Hausa ka yi mata magana da Malayanci take amsawa, ta zuba bayani tana nuna goshinta da nawa. Malayancin maigida bai wuce makan da tapau ba, wato ci da ƙunshe abinci, sai ya juyo gare ni.

"Me take cewa ne?"

"Yallaɓai, wai kana da bindiga a aljihu, kullum kana harbinmu."

Sai ya fashe da dariya, ya dubi shugabar ya ce, "Oh, that one? Yes lah, madam, tana nan ma." Ya kai hannu wajen aljihu.

Ban taɓa ganin dattijuwa mai sauri irin wannan ba. Kafin in ƙifta ido ta shige ƙarƙashin tebur, takalminta ɗaya a waje. Cikgu ta laɓe bayan kabad tana salati. Ni kuma na daka masa tsawa ya tsaya, ya sandare da hannu a sama, ɗan sanda guda an kama shi a ofishin makarantar yara.

A wannan ɗan tsakanin ne 'yata ta zura hannu a aljihunsa. Ta zaro na'urar, ta riƙe da hannu biyu, ta zagaya bayana, ta yi ɗage ta ɗora a goshin ƙaninta da ke goye. Ta ce, "Hannu sama," Hausar da na fara ji daga bakinta a wannan makon kenan, ta danna. Abin ya yi ƙara, ya kawo koriyar wuta.

Cikgu ce ta fara leƙowa, ta ga abin da ke hannun yarinyar, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Shugabar ta fito tana gyara ɗankwali da tabarau, ta ce tun da an zo da ita a auna ta ita ma, aka auna, nata zafin ya ɗan hau. Ta roƙe mu don Allah mu canza wa abin suna a gida. Ni ma na yi dariya har jaririn ya farka, rabi don abin dariya ne, rabi don kunyar zargin da na yi wa bawan Allah a zuciyata.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Muka taho gida maigida yana riƙe da hannun yarinyar, na ɗauka haushin tsawar da na yi masa a gaban mutane yake ji. Sai da muka kai matakalar bene ya tsaya.

"Maman yara, ban ji shigar hannunta ba," ya ce. "Wallahi ban ji ba. Kuma kin ga inda ta saita."

Ina da dogon jawabi da na shekara biyar ina tanadi don irin wannan rana, amma da na ga fuskarsa sai na ce, "Na gani."

"Ni na koya mata," ya ce.

Da muka koma ƙasarmu ya karɓi bindigarsa, amma ba ta ƙara kwana a aljihu ba. Yawanci a ofis yake barinta. In dole ta zo gida, tun a mota yake cire harsasan, ya kulle ta a akwatin ƙarfe a saman wardrop, makullin yana wani wuri da ko ni sai da na tambaya.

Abin da na koya shi ne, aljihun uba ba maɓoya ba ce a wajen yaro, nan ne ma wurin da ya fi sani a duk gidan, kuma duk abin da aka yi a gabansa da sunan wasa yana haddacewa. Hannun da ya shiga aljihun nan ranar bai san bambancin na'ura da bindiga ba, kuma goshin ɗana ya nufa.