Wurin Zama a Gindin Akushi

A ƙauyenmu na ƙasar Kurfai, da an gama tuwon magariba, Kaka Dije, mahaifiyar innata, takan hura wutar kara a gindin danyar da ke tsakar gidanta. Tana sallarta, amma ba ta yarda a sari itacen nan ba tare da an yi masa sallama ba. Ni take kira raggon mijinta, wai ban iya komai ba sai lashe akushi. Idan mun zauna sai ta ce, "Ga ta bakin ƙofa, wa zai shigo da ita?" Mu ce, "Mu ne, Kaka!"

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaita mana, ta wani masassaƙi da ya je daji ya roƙi danya reshe guda. Mai itacen, wato iskar da ke zaune ciki, ta ce ta ba shi, amma da sharaɗi. A nan Kaka takan rage murya: "Sassaƙa yadda kaka so, ɗan mutum, amma ka bar mini wurin zama a gindi." Ya ɗauki gizago ya yi akushi mai kyau. Mutane suka yaba, wani ya ce da ya ƙara rage kauri da ya fi. Ya rage. Wata ta ce har yanzu da nauyi. Ya ƙara. Bai ankara ba sai ga haske ta gindin akushi. Daga ranar, duk itacen da ya taɓa sai ya tsage.

"To ina iskar ta tahi?" in ji ni.

"Kai, mijin banza, wanda aka hana wurin zama ina zai tahi? Tahiya yake yi, ba ya komowa."

Wallahi a lokacin tausayin masassaƙin kawai nake ji.

Na shekara talatin ina jan mota tsakanin Filinge da Yamai, har bayana ya ce ya gaji. Da furfurata na shiga koyon sassaƙa wurin Isuhu, wani saurayi mai injin da ke juya itace, kai kuma ka kafa masa ƙarfe yana ci. A shekarar iskar damina ta kayar da danyar Kaka, Kaka kuwa ta daɗe da rasuwa. Kafin in isa ƙauye an ƙone yawancinta a murhu. Gungume uku na samu, na yi wa Inna alkawarin akushi daga itacen uwarta.

Na farko ya tsage, don ban jira ya bushe ba. Na biyu ya fito sumul, sai na ce bari in ƙara gyarawa kaɗan. Ƙarfe ya shige, gindi ya huje, bakin akushin ya rabu yana rawa a kan inji. Na zauna a kan garin itace, ni da nake da jikoki a gida, na yi hawaye.

Saura ɗaya. Isuhu ya ce, "Baba, kawo in yi maka wanga." Na ƙi. Na yi wa gungumen sallama a hankali, kunya ta kama ni, amma na yi. Ina tsakar ƙwaƙule cikinsa na kashe inji.

"Haba Baba, da saura! Wannan ai turmi ne."

"Bar shi haka nan."

Yanzu na gane ba kwaɗayi ne ya ja wa masassaƙin nan asara ba. Bai san inda ake tsayawa ba ne. Mu ma haka muka yi wa Kaka: wannan ya kawo mata goyo, wancan ya kwashi hatsinta, ba ta taɓa cewa a'a ba, mu kuma ba wanda ya ce ya isa. Abin yana cina har yau.

Na kai wa Inna akushin a ƙauye. Idonta ya tafi, da hannu take gani. Ta ɗaga ta ce, "Kai, nauyi!" Ta shafa bakinsa mai karkata, ta kai yatsu ciki, ta danna gindin.

Sannan ta ce, "Ashe kana ji. Ka bar mata wurin zama."