Shuɗin Tamfol a Kan Gidan Verline

Verline Ardoin ba ta iya zama ba. Shinge ɗaya ne ya raba gidana da nata a gefen garin Lake Charles, kusa da teku, kuma tun da na san ta ban taɓa ganin ta shanye kofi a zaune ba. Ta kurɓa ta leƙa titi, ta dawo ta gyara labule, ta sake fita ta dubi sama. Ƙarfinta duk a kan sitiyari ya ƙare, tana jan motar ɗaukar 'yan makaranta har ta yi ritaya. Motar ce aka karɓe, amma ita ba ta daina kewaya gari ba.

Mijinta Alcide a matatar mai ya yi aiki. Da guminsa da nata suka gama biyan banki, gidan ya zama nasu, daga tushe har rufi. Ba su daɗe suna jin daɗin hakan ba guguwar teku ta zo ta yaye rufin, silin ɗin ɗakin kwana ya rufto. Kamfanin inshorar da suka yi shekaru suna biya ya shiga yi musu yawo da hankali. Yau a turo mai dubawa, gobe a ce hotunan da ya ɗauka sun ɓace, jibi a turo wani sabo ya fara daga farko. Masu agaji suka shimfiɗa musu shuɗin tamfol a sama, irin wanda kowa ya samu a lokacin. A ƙarƙashinsa Alcide ya kwanta ciwon zuciya. Na shiga gaishe shi, na tarar hasken rana yana ratsa tamfol ɗin ya mai da ɗakin shuɗi, har zanen gado, har fuskarsa. Kuɗin gyara sai bayan jana'iza suka iso.

Daga nan Verline ta samu sabon aikin da ba wanda ya ɗauke ta. Mutane suna duba waya su ga kamfanin da aka ba taurari masu yawa, ita kuwa dariya abin yake ba ta. Ta ce masu ba da taurarin nan biya kawai suka taɓa yi, ba su taɓa zuwa karɓa ba. Nata binciken a titi yake. Duk inda guguwa ta ratsa, sai ta bari a kwana biyu, sannan ta ɗauki mota ta bi unguwa-unguwa tana kallon rufi. Gidan da aka yi wa sabon rufi, ta tsaya ta tambayi kamfaninsu. Wanda har yanzu shuɗin tamfol ke kaɗawa a kansa, nan ma ta ƙwanƙwasa, a ba ta kofi, ta sha a tsaye tana jin yadda aka wahalar da su. Ni ce ke zama a kujerar gefe, don na rasa yadda zan ce mata a'a. Tuƙinta kuma har gobe na mai ɗauke da yara ne, a kowace kwana sai ta tsaya cak kamar za ta sauke wani.

Gaskiya ta san abin. Bayan coci ranar Lahadi mutane kan tare ta a bakin ƙofa, ta warware musu komai. Ta ce kar arha ta ruɗe ka, ka fara tambayar abin da zai fita daga aljihunka kafin su sa hannu. Ka tambaya ko kuɗin sabon rufi suke biya ko na tsohon da ya gaji. Ka kuma sani ruwan da ya sauko ta sama bayan iska ta yaye rufi shi ne nasu, wanda ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa ba ruwansu, sai ka yi masa tasa inshorar daban. Mutane da yawa a titinmu albarkacin bakinta suka tsira, har da ni.

Matsalar ita ce wadda ke zaɓar wa kowa ba ta iya zaɓar wa kanta. Kowace shekara sai ta canza kamfani, kuma kowace shekara sai ta gano aibin sabon tun kafin tawada ta bushe. Da banki na da hannu a gidan, da ya tilasta mata ta tsaya wuri ɗaya. To gidan nata ne, ba mai ce mata uffan.

A shekarar da nake ba da labari, kamfanin da take ciki ya ƙara kuɗi, ta yi fushi ta ƙi sabuntawa. Wa'adin ya ƙare a tsakiyar bazara, daidai lokacin da teku ke ɗumi kowa na kasa kunne ga rediyo don jin labarin guguwa. Ta ce 'yan kwanaki ne kawai, ta riga ta tace kamfanonin saura uku. Har suna ta raɗa musu. Akwai Mai Arha, wanda kuɗinsa ba nauyi amma ta ga tamfol da yawa a kan gidajen mutanensa. Akwai Mai Daɗin Baki, wanda ke ɗaga waya da fara'a amma kuɗin tsohon rufi yake biya. Sai Mai Girman Kai, ga tsada ga tambayoyi kamar 'yan sanda, sai dai da wuya ka ga shuɗi a kan gidan da ya ɗauka.

Na ce mata ai magana ta ƙare, ta ɗauki na ukun mu huta. Ta ce akwai wata mata a garin Sulphur da aka ce ya ɓata wa rai, sai ta ji daga bakinta. Muka je. Matar ta ce ƙarya ne, an biya ta, ƙanwarta ce dai a wajen Iowa aka ja wa rai. Muka nufi can. Kwanaki suka zama makonni, gidan Verline na tsaye ba kowa a bayansa. Raina ya ɓaci sosai, har na daina cin miyar gumbo ɗin da take miƙo mini ta kan shinge don ta rufe mini baki.

Wata safiya na ce mata, "Verline, ke fa ba kamfani kike nema ba. Wanda zai rantse miki ba zai yi miki abin da aka yi wa Alcide ba kike nema, kuma babu shi."

Ta ce, "Clotile, shiga mota. Gida ɗaya ya rage, daga can sai ofishin Dwayne. Na yi miki alkawari."

Muna hanyar dawowa daga gidan ne rediyo ya ce iskar da ake ta sa wa ido ta shigo tekunmu, ta yi ƙarfi, har an ba ta suna, kamar yadda ake yi wa manyan guguwa. Ba na son ambatar sunan. A karo na farko na ga Verline ta wuce kwana ba ta tsaya ba.

Dwayne Sonnier dillalin inshora ne, ƙato mai sanƙo, amma a motarta ya yi zuwa makaranta, don haka har yau yaro take ce masa. Ta shiga ofishinsa ba sallama ta ce ya rubuta ta a Mai Girman Kai, yanzu, ga katin bankinta. Ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Mis Verline, kin fi ni sanin yadda abin yake. Da zarar mai suna ta shigo teku, rufewa suke yi, ba sa ɗaukar sabon mutum. Tun da safe suka rufe."

"To ka ba ni Mai Arha."

"Shi ma ya rufe. Duk sun rufe, sai ta wuce."

"Kai yaro, ni na goge maka majina. Ka rubuta kwanan watan jiya a takardar mana."

"Ki yi haƙuri, Mis Verline. Ko na rubuta, ba za su biya ba, ni kuma gidan yari zan tafi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ita da bakinta ta sha gaya wa mutane wannan dokar a ƙofar coci. Ta tsaya tana jujjuya makullin mota a hannu, sannan ta tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, muka fito.

A ranar, da kuma washegari, ba ta zauna ba ko na minti ɗaya. Ta buga katako a tagogi, ta cire ta sake bugawa. Ta naɗe hotuna a leda, ta ɗora kujeru a kan tebur, ta zagaya gidan tana taɓa bango. Da aka ce kowa ya bar gari, da ƙyar na ja ta muka tafi wurin ɗana a Shreveport, can nesa da teku. Can ma a gaban talabijin ta tsaya tana bin jan zanen hanyar guguwar da yatsa, tana cewa za ta karkata, ai sukan karkata. Tausayinta ya kama ni har na manta fushin da nake yi.

Ba ta karkata ba. Da muka dawo, itacen da ke bayan gidana ya faɗi a kan gareji, nawa rufin kuma ya yi rauni. Na Verline rabi ya tafi, daidai ɓangaren ɗakin kwana. Kamfanina, wanda ita ta zaɓar mini, ya turo mai dubawa ya biya ba gardama. Kunya ta hana ni tsayawa a waje ranar da masu gyara suka zo, don ina buɗe ƙofa ita nake gani tana kallonsu ta kan shinge. Ta ɗaga mini hannu ta ce ai ta gaya mini suna biya.

Masu agaji suka zo suka shimfiɗa mata tamfol. Abin da ta tara bai kai rufi ba, ta kuma ƙi sayar da gidan, ta ƙi komawa wurin kowa. Yawon unguwanni ma ta daina. Motar na nan a ajiye, ganye na taruwa a kan gilashi.

Kwanakin baya ina wurinta wata matashiya ta tsayar da mota a ƙofar gida. Ta ce sabon gida suka saya ita da mijinta, an ce mata in tana son sanin kamfanin kirki ta bi gidajen da ke da tamfol ta yi tambaya, wai wata tsohuwa ce ta koya wa mutanen garin nan haka. Verline ta zuba mata kofi, ta jera mata su ukun, kowa da halinsa, ba ta rage komai ba. Ta ce ta ɗauki ko wanne ne, amma ta tafi yau, kafin ta ci abincin rana.

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi rufin ta ce, "To ke, Mama, wane kamfani ne ya yi miki haka? Don in guje shi."

Verline ta ce, "Babu ko ɗaya, 'yata. Ban gama zaɓe ba."

Da yarinyar ta tafi, ta ce mini ta gaji, za ta ɗan kishingiɗa. Na raka ta har ƙofar ɗaki. Ta zauna a bakin gadon, ɓangaren da Alcide ke kwana, hasken rana na ratsa tamfol yana sauka shuɗi a fuskarta. Na daɗe a tsaye ina jiran ta miƙe kamar yadda ta saba, ba ta miƙe ba.